Tura kuɗi waje daga Gombe: banki, manhaja, kirifto ko ɗan canji?

Kuɗin da ke fita daga Gombe zuwa ƙasashen waje ba kaɗan ba ne, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Ga uban da ɗansa ke karatun likita a Masar ko Indiya, ga mai shago a Babbar Kasuwa da ke odar kaya daga Guangzhou ko Dubai, ga dangin da suka kai mara lafiya Alƙahira, ga kuma mai 'yar'uwa a Makka ko Garwa ta Kamaru da ake son a kama mata. Duk wanda ya tashi turawa a cikinsu, yana buɗe waya zai ci karo da tallan Western Union, MoneyGram, WorldRemit, Remitly, Sendwave, LemFi da Taptap Send, sai ya ɗauka a cikinsu zai zaɓa. Daga nan ake fara ɓata lokaci.

Waɗannan kamfanoni a wajenmu ƙofar shigowa ce kawai. A ƙarshen Janairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya sabunta ƙa'idojin kamfanonin aika kuɗi na ƙasa da ƙasa, ya taƙaita aikinsu ga kuɗin da ke shigowa, ya hana su fitar da kuɗi daga ƙasar. Wise ma, da ake yawan yabo kan sauƙin cajinsa, ba ya karɓar naira a matsayin kuɗin da za ka biya da shi. Saboda haka wanda ke Jekadafari ko Pantami da nairarsa a hannu, zaɓinsa na gaskiya shi ne: Fom A ta banki, asusun dala, kati da manhajojin waya, tsarin PAPSS, kirifto, sai kuma ɗan canji.

Ma'aunan da za a auna su da su

Na farko farashi, kuma a nan aka fi cutuwa, don kuwa farashi kashi uku ne amma ɗaya ake nuna maka. Akwai cajin da aka rubuta a fili. Akwai ribar da aka ɓoye a cikin farashin canjin. Akwai kuma abin da bankunan da ke tsakiya za su yanke kafin kuɗin ya isa. Wanda ya saba sayayya a Tudun Hatsi ya san ba kuɗin kwano kaɗai ake tambaya ba, sai an duba girman kwanon da ake awon da shi.

A ɗauka, don misali kawai, za ka tura dala 2,000. Wata manhaja ta ce babu caji, amma dala ɗaya a wajenta naira 1,560 ce. Ka biya 3,120,000 ke nan. Banki ya ba ka a 1,520 ya ɗora cajin naira 35,000; ka biya 3,075,000. Mai cajin ya fi mara cajin sauƙi da naira 45,000. To amma idan wani banki a hanya ya cire dala 25, wato naira 38,000 a farashin bankin, ratar ta koma 7,000. Tambayar da ta kamata ka riƙa yi ɗaya ce: naira nawa za ta fita daga asusuna, kuma nawa daidai zai shiga hannun wanda zai karɓa? Bankin Duniya, wanda ke bibiyar tsadar aika kuɗi, ya sha nuna cewa matsakaicin caji a duniya ya haura kashi 6 cikin 100, na ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa yana kusa da kashi 8, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Duk hanyar da jimillar cinta ta kai kashi 5 ko 6 a kan kuɗi mai yawa, a ganina ta yi tsada.

Na biyu lokaci. Na uku shaida, wato takardar da makaranta, asibiti, ofishin jakadanci ko kwastan za su yarda da ita. Na huɗu ɗorewa: hanyar nan za ta kai baɗi tana aiki? Na biyar, idan abu ya ɓaci, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa? Sai kuma abin da mutanenmu ba sa wasa da shi, halaccin mu'amalar a shari'a da kuma dokar ƙasa.

Fom A ta banki

Fom A ita ce hanyar da hukuma ta tanada don biyan abin da ba haja ba ne: kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, da guzurin tafiya. Ana cike ta a shafin intanet na Babban Banki da ake kira TRMS, ka zaɓi bankinka, ka ɗora takardu, bankin ya tantance, ya cire naira daga asusunka ya tura kuɗin waje. Don makaranta za a nemi takardar samun gurbin karatu, takardar da makarantar ta rubuta adadin kuɗin da bayanan asusunta, fasfon ɗalibi, da lambar BVN. Mai digiri na biyu zai haɗa da shaidar digirin farko. Bankuna da dama suna neman shaidar biyan haraji ta mai ɗaukar nauyi, kuma wannan ita ce ta fi riƙe 'yan kasuwarmu, don haka a fara da ita. Guzurin tafiya yana da iyaka: dala 4,000 a kowane wata uku ga tafiyar ƙashin kai, dala 5,000 ga tafiyar kasuwanci, kuma a Fabrairun 2024 aka umarci bankuna su riƙa bayarwa ta kati maimakon tsaba.

Yana da kyau a fahimci yadda darajar Fom A ta sauya. Kafin Yunin 2023 dalar gwamnati tana wajen naira 460, ta kasuwar bayan fage ta haura 700. Wanda ya samu Fom A a lokacin ya tsira da kuɗi mai yawa, shi ya sa aka yi ta dogon layi, iyaye suna jira watanni, wasu yaran har aka hana su shiga jarrabawa. Da aka haɗe kasuwannin canji aka saki naira ta nemi farashinta, wannan ratar ta ragu sosai. Yau ba don araha ake bin Fom A ba, ko da yake sau da yawa farashinta yana ɗan ƙasa da na titi. Ana binta ne don shaida. Kuɗin yana fita da sunanka, daga asusunka, kai tsaye zuwa asusun makarantar ko asibitin. Idan aka hana yaro biza, ko aka fasa aikin da za a yi wa mara lafiya, kuɗin da za a mayar asusun da ya fito zai koma.

Wahalarta jinkiri ne da yawan takardu. Jami'in da ke gabanka a reshen Gombe ba shi ke sakin dala ba. Sashen da ke wannan aikin yana hedikwata, a Legas ko Abuja, kuma harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin sunan fasfo da na takardar makaranta ya isa a dawo da buƙatar. Wanda ke da Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, ya gyara tun kafin ya fara. A ba ta makonni, kar a bari sai saura kwana uku wa'adi ya cika. Kuma ba ta da amfani ga mai son aika wa ƙanwarsa kuɗin cefane. Masu ƙyamar mu'amala da kuɗin ruwa suna iya binta ta bankuna irin su Jaiz da TAJ.

Ɗan kasuwa mai shigo da kaya kuwa Fom M ce tasa, ita ce kwastan ke dogara da ita wajen fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa. Tana buƙatar kamfani mai rajista da lambar haraji.

Asusun dala

Wannan shi ne asusun da ake ce wa dom. Kai za ka nemo dalarka, ka zuba, ka umarci banki ya tura ta hanyar SWIFT, tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna umarnin biya. Tun Yunin 2023 Babban Banki ya sassauta: wanda ya zuba tsabar dala yana iya tura har dala 10,000 a rana. Ya fi Fom A 'yanci, domin kana iya tura wa mutum, ba sai makaranta ko asibiti ba, kuma ba ka jiran banki ya samo maka dala. Galibi yana isa cikin kwana 1 zuwa 5 na aiki. A lura da cewa hutun ƙarshen mako a Saudiyya da Masar Juma'a da Asabar ne, namu Asabar da Lahadi, don haka kuɗin da aka tura ranar Alhamis da yamma yana iya kwana uku a hanya babu wanda ya taɓa shi.

Cajinsa kusan tsayayye ne, shi ya sa yake da nauyi a kan dala 200, amma ba a jinsa a kan dala 8,000. A takardar turawa akwai zaɓi uku da mutane ke tsallakewa ba su karanta ba: OUR, kai ka ɗauki dukan caji, SHA, ku raba, BEN, a cire daga kuɗin mai karɓa. Idan makaranta ko asibiti za ka biya, zaɓi OUR, don kar kuɗin ya isa da giɓin dala 20 a ce ba ka gama biya ba. Ka tabbatar da lambar asusun harafi-harafi. Saudiyya, Masar, Turkiyya, Daular Larabawa da ƙasashen Turai suna amfani da IBAN, wato lambar asusu ta ƙasa da ƙasa. Ta Saudiyya tana farawa da SA kuma tana da haruffa da lambobi 24, ta Masar EG da 29. Indiya tana da lambar reshe da ake kira IFSC. Bayan an tura, ka nemi takardar shaidar turawa, wadda aka sani da MT103, daga bankinka, da ita ake bin sawun kuɗi in ya maƙale.

Raunin wannan hanya yana wajen samo dalar. Ka saya a hannun mai lasisi, ka karɓi rasit, ka duba takardun da kyau, domin jabu ko yagaggiya kanka za ta faɗa a gaban kantar banki.

Kati da manhajojin waya

A 2022 yawancin bankuna suka dakatar da amfani da katin naira a waje. A tsakiyar 2025 wasu, ciki har da GTBank, UBA da Wema, suka dawo da shi, kowanne da iyakar da ya gindaya. Ga ƙananan biya wannan babban sauƙi ne: kuɗin neman gurbin karatu, kuɗin jarrabawar ƙwararru, kama ɗaki a otal kafin Umara, sayen kaya kaɗan a AliExpress. Nan take yake biya, kuma idan an cire kuɗi ba a ba ka abin da ka saya ba, akwai reshen da za ka je ka shigar da ƙorafi. Ba a tura wa mutum kuɗi da shi, kuma iyakarsa ba za ta ɗauki kuɗin zangon karatu ba.

Manhajoji irin su Grey, Raenest wadda aka fi sani da Geegpay, da Chipper Cash suna ba ka asusun dala, fam ko yuro a cikin waya, da katin dala wanda lambobinsa kawai kake gani. Asalin kasuwarsu matasa ne masu aiki ta intanet da ake biyansu daga waje, kuma ga irin waɗannan babu abin da ya fi su dacewa: dala ta shigo, da ita za a biya abin da za a biya, ba a yi asarar canji sau biyu ba. Wanda zai fara da naira kuwa, ya duba farashin canjinsu da kyau, ya kuma duba ko ƙasar da yake son turawa tana cikin jerinsu a ranar, domin jerin yana sauyawa. Buɗewa ba wuya: BVN ko NIN, hoton fuska, katin shaida, an gama a zaune a gida.

Inda nake da damuwa da su shi ne ɗorewa. A Yulin 2022 kamfanin Union54 na Zambiya, wanda ke samar wa manhajoji da dama katin dala, ya tsayar da aikin, katunan Barter na Flutterwave da na wasu manhajoji suka daina aiki kusan lokaci guda. A 2024 aka rufe Barter gaba ɗaya. Waɗannan manhajoji a kan bankunan wasu ƙasashe suke jingine, ranar da abokin hulɗar ya janye, hidimar ta tsaya. Sannan inshorar ajiyar banki ta hukumar NDIC, wadda a 2024 aka ɗaga ta zuwa naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, ba ta shafi dalar da ke zaune a asusun waje na manhaja ba. Ba su da ofishi a Gombe. Idan na'urarsu ta ga shigar kuɗi da ba ta saba gani ba ta riƙe asusun, sai dai ka yi ta rubuta saƙo da Turanci kana jiran amsa. Ka bi ta cikinsu da kuɗin da za ka biya a ranar, kar ka mai da su wurin ajiya.

Akwai wani rukuni na daban da iyayen ɗalibai ya kamata su sani: Flywire da Convera. Jami'o'i da yawa a Ingila, Kanada da Amurka ta hannunsu suke karɓar kuɗin ɗaliban waje. Amfaninsu shi ne biyan yana ɗauke da lambar ɗalibi, makarantar tana ganinsa a shafinta ba tare da an yi ta aika mata rasit ba. A shiga ta mahaɗin da ke shafin makarantar kanta, kar a bi wanda wani ya turo ta WhatsApp.

PAPSS

Bankin Afreximbank ya ƙaddamar da shi a Accra a Janairun 2022 don 'yan Afirka su biya juna da kuɗin ƙasashensu: ka ba da naira, na Gana ya karɓi sidi, ba a bi ta dala ba. An fara shi da ƙasashe shida, Najeriya, Gana, Gambiya, Laberiya, Saliyo da Gini, wasu suka shigo daga baya. Ta banki ake yinsa, yana da sauri, yana da shaida. Sai dai dole bankinka da na mai karɓa su kasance a cikin tsarin, kuma ba kowane ma'aikacin reshe ne ya saba da shi ba. Mai ɗa a jami'a a Gana ya tambaye shi da sunansa kafin ya je neman dala.

Kirifto

Matasan Gombe da yawa sun iya wannan. Ka sayi USDT, wani nau'in kuɗin intanet da ake daidaita darajarsa da dala, daga hannun wani a kasuwar mutum-da-mutum, ka tura wa na waje, shi kuma ya sayar ya karɓi kuɗin ƙasar da yake. Cikin mintuna an gama, ko da daren Asabar ne, cajin turawa kaɗan ne, kuma farashin yana bin na kasuwa.

Matsayinsa a doka ya yi ta juyawa. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna taɓa shi, a Disambar 2023 ya janye hanin. A farkon 2024 gwamnati ta juya kan Binance, babban kamfanin cinikin kirifto, aka tsare jami'ansa biyu, kamfanin ya rufe duk hidimarsa ta naira a watan Maris. A Agustan shekarar hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ba kamfanonin kirifto Busha da Quidax amincewar farko, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin dijital a ƙarƙashin hukumar. A can ɓangaren mai karɓa ma akwai doka: Masar da Sin sun tsananta a kansa, don haka kana iya jefa ɗanka cikin matsala a ƙasar mutane ba ka sani ba.

Haɗarinsa iri biyu ne. Na farko, kuskure ba ya gyaruwa. Idan ka tura a layin ERC20, ɗaya daga cikin layukan da ake tura USDT, alhali adireshin da aka ba ka na wani layi ne, ko ka kwafi adireshin da ba shi ba, babu bankin da zai dawo maka da shi. Na biyu, a ciniki da baƙo ba ka san asalin nairar da ta shigo asusunka ba. Idan ta damfara ce, asusunka za a kulle. A Afrilun 2024 kotu ta ba EFCC izinin kulle asusu fiye da 1,000 da ake bincike a kansu kan hada-hadar canji. Kuma a bambance tura USDT da shafukan da ke alkawarin ninka kuɗi. CBEX da ta rushe a Afrilun 2025 irin wannan alkawarin ta yi, mutane da yawa suka rasa dukiyarsu. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin kirifto, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa. Babu makaranta ko asibitin kirki da zai karɓi hoton walat ɗin kirifto a matsayin shaidar biya.

Ɗan canji

Gaskiya ita ce kaso mai yawa na kuɗin da ke barin garin nan ta wannan hanyar yake bi, kuma akwai dalili. Ka tura wa Alhaji naira a asusunsa, ya kira abokin hulɗarsa a Makka, kafin la'asar 'yar'uwarka ta karɓi riyal a hannu. Ɗan kasuwa ya biya naira a nan, wakili a Guangzhou ya biya mai masana'anta yuwan ta Alipay ko WeChat. Kuɗin bai ketare iyaka ba, su biyun ne ke daidaita lissafinsu daga baya. Farashin yakan bi na Wapa a Kano da Zone 4 a Abuja, babu fom, ana magana da Hausa, kuma yana kaiwa inda banki ba ya kaiwa, ga mutanen da ba su da asusu a ƙasar da suke zaune. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 bankunan Khartum suka tsaya, irin wannan hanya da taimakon 'yan'uwa su ne abin da ya rage wa iyayen ɗalibai.

Ban raina wannan amana ba, ta daɗe tana riƙe da kasuwancin Arewa. Amma dole a faɗi inda take da rauni. A Maris 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, a watan Mayu ya ɗaga jarin da ake buƙata zuwa naira biliyan 2 ga rukunin farko da miliyan 500 ga na biyu, ya kuma haramta canji a bakin titi. Ke nan da yawa daga masu wannan sana'a ba su da lasisi a yanzu, kuma idan rigima ta taso hujjarka saƙon murya ne a waya. Ɗan canji mai gaskiya ma yana iya karyewa idan dala ta yi tsalle da dare ko wakilinsa na waje ya ci amanarsa.

Babbar matsalar tana wajen makaranta da biza. Idan wani baƙo a Landan ya biya kuɗin ɗanka daga asusunsa, a idon jami'ar shi ne mai biya. In an tashi mayar da kuɗi, shi za a mayar wa. In kuma katin da ya biya da shi na sata ne, za a janye kuɗin bayan makonni, bashin ya dawo kan yaron, har da tuhuma. Duk wanda ya ce zai biya maka kuɗin makaranta a farashin da ya yi ƙasa sosai da na kasuwa, ka guje shi.

Ta fuskar shari'a, sharaɗin canjin kuɗi da kuɗi sananne ne: hannu da hannu, a zama ɗaya. A yanke farashi, a biya, a ba da umarnin biyan na can a lokacin. Tsarin a ƙulla farashi yau a kawo naira mako mai zuwa shi ne malamai ke gargaɗi a kansa, kuma shi ne ya fi haifar da saɓani tsakanin mutanen da suka yi shekaru suna mutunta juna. A rubuta adadi da farashi da sunan mai karɓa, ko da a saƙon waya ne.

| Hanya | Farashi | Lokaci | Shaida | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Fom A | Canji mai sauƙi, caji matsakaici | Kwanaki zuwa makonni | Cikakkiya | Jinkiri, dawo da takardu |
| Asusun dala | Caji tsayayye, ya fi dacewa da kuɗi mai yawa | Kwana 1 zuwa 5 | Cikakkiya | Yanka a hanya, dalar jabu |
| Katin naira | Farashin banki na ranar | Nan take | Mai kyau | Ƙaramar iyaka |
| Manhajoji | Riba a cikin canji | Mintuna zuwa kwana 2 | Matsakaiciya | Riƙe asusu, tsayawar hidima |
| PAPSS | Babu bi ta dala | Da sauri | Cikakkiya | Ba kowane banki ko ƙasa ba |
| Kirifto | Caji kaɗan | Mintuna | Ba a karɓarta | Kuskure ba ya dawowa, kulle asusu |
| Ɗan canji | Farashin kasuwa | Rana ɗaya | Kusan babu | Cin amana, rashin lasisi |

Wace ta dace da wa

Mai biyan kuɗin zangon karatu ya bi Fom A, ko shafin biya na makarantar in tana da shi. In lokaci ya ƙure, asusun dala da sunansa. Wannan shi ne wurin da ba zan ba kowa shawarar ɗan canji ko kirifto ba, komai matsin da ake ciki. Kuɗin abinci da haya na wata-wata kuwa ƙanana ne, cajin SWIFT zai cinye su, don haka ko a haɗa na wata uku a tura sau ɗaya ta banki, ko a bi manhajar da ke kaiwa ƙasar.

Mai mara lafiya ya raba kuɗin gida biyu. Na aikin da asibiti ya rubuta ya tafi asusun asibitin ta banki, ba asusun dillalin da ya haɗa tafiyar ba. Na masauki da magani da zirga-zirga ya tafi a katin guzuri tare da mai jinya. Wanda zai riƙe tsabar da ta haura dala 10,000 ya bayyana wa kwastan a filin jirgi, doka ce.

Ɗan kasuwa mai kwantena, Fom M. Mai ƙaramar oda daga Sin, wanda dole sai ta hannun wakili zai biya, ya fara da kaɗan, ya sa mai kayan ya tabbatar da shigar kuɗin da bakinsa kafin a ƙara. Idan saƙo ya zo cewa kamfanin ya canza asusu, kar a tura ko sisi sai an kira tsohuwar lambar da aka saba. 'Yan damfara suna kutsawa imel ɗin masu kaya su sauya lambar asusu.

Wanda ke waje yana turo wa gida, shi ne kamfanonin da muka ambata a farko suke yi wa aiki. Daga Ingila, Amurka ko Kanada ya buɗe biyu ko uku daga cikin LemFi, Sendwave, Taptap Send, Remitly da WorldRemit, ya rubuta adadi ɗaya a kowanne, ya ga wanda zai sauke naira mafi yawa, ba tare da ruɗuwa da farashin maraba na turawar farko ba. A naira za a biya Inna ko Baba, kuma bisa ƙa'idar 2024 abin da ya haura kwatankwacin dala 200 asusun banki yake shiga.

Mai hulɗa da Nijar, Kamaru ko Chadi, inda ɗan canji ne ya fi kowa isa, ya faɗi ƙasar tun farko. Sefar Nijar ta Afirka ta Yamma ce, ta Kamaru da Chadi ta Afirka ta Tsakiya. Darajarsu ɗaya a kan yuro, 655.957, amma takardunsu daban ne, ta Maraɗi ba ta sayen kaya a Garwa, kuma farashinsu a naira yakan bambanta a hannun 'yan canji.